Mutum Goman da Maulud Ya Kawo Saukar Ashiru

Duk wanda ya daɗe yana zama a majalisar Hausawa da ke bayan kantin kayan gini a unguwar Al-Shifa ta Riyad ya san Maulud, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai furfura a gemu kaɗai, wanda yake zuwa bayan La'asar ranar Juma'a da wata ƙatuwar farar mota da ba tasa ba, ya ajiye ta can nesa don kada wani ya jingina da ita. Bahaɗeje ne. Ya shigo Riyad shekara goma sha shida da suka wuce. Ya fara da ɗaukar bulo a wani gini a Al-Murabba, bayansa ya ƙi, ya koma wankin mota, daga nan ya samu lasisi. Ya yi wa wata tsohuwar Balarabiya tuƙi shekara bakwai, har ta rasu ba ta taɓa yarda cewa ya san hanya ba. Matarsa Rabi'atu da 'ya'ya biyar suna gida, yana leƙa su duk shekara biyu idan kafil, ubangidan da zamansa a ƙasar yake hannunsa, ya ga dama.

Abokin mahaifina ne, shi ya sa yake aike na ba tare da ya tambayi ko ina da abin yi ba. Da na dawo daga karatu, amfani ɗaya ya gani a takarduna: ina jin Turancin mutanen da yake yi wa aiki.

Mutanen nan su uku ne. Akwai Ruben Adler, injiniyan ruwa daga Montreal, da matarsa Tamar, da ɗansu Asher. Maulud bai wahalar da harshensa ba, ya mayar da su Injiniya da Madam da Ashiru. Suna zaune a ɗaya daga cikin rukunin gidajen nan masu katanga da mai gadi a arewacin gari. Wata uku Maulud yana ganin Madam tana kunna kyandir biyu duk yammacin Juma'a, har ya ba Injiniya shawarar a kira mai gyaran wuta. Injiniya ya yi dariya, sannan ya rage murya ya gaya masa su Yahudawa ne. Ba abu ne da yake ɓoyewa ba, amma a garin nan ba ya yin shela da shi. Maulud ya kwana yana juya maganar. Washegari ya tambaya ko suna cin alade, aka ce a'a. Ya ce to mafi mushkila, wato ba matsala, ashe duk wankin da yake yi wa kular motar sau biyu wahalar banza ce.

Ashiru yana da shekara goma sha biyu sanƙarau ya kama shi. Maulud ya san ciwon tun daga gida, shi ya ɗauke masa ƙani a wata bazara. Yaron ya yi sati uku a asibiti, uban yana kwana a kujera, bai aske gemu ba, bai je ofis ba. Da aka sallame shi, ƙafar hagu tana ja, harshe kuma ya yi nauyi. Kalma takan zo masa har bakin leɓe ta tsaya, ya yi ta fama da ita fuskarsa na yin ja. Injiniya ba ya iya kallon wannan. Yaro zai fara magana, uban ya ƙarasa masa. A tambayi yaro, uban ya amsa. Kofin ruwa ma ba ya bari ya ɗauka. Maulud ya ce bai taɓa ganin uba mai son ɗansa haka ba, bai kuma taɓa ganin so ya hana yaro sakat haka ba.

A al'adarsu, idan yaro ya cika sha uku yakan tsaya gaban jama'a ya karanta wani yanki na littafinsu mai tsarki da Ibrananci, da irin rerawarsu, daga ranar kuma a riƙa lissafa shi cikin manya. Suna kiran abin bar mitsba. Na yi wa Maulud wannan bayani dalla-dalla, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, sauka ce. Me ya kawo doguwar magana?"

Tun kafin ciwon an shirya za a yi a Montreal wajen kakanni. Likitoci suka hana doguwar tafiya a jirgi. Sai ya zama malaminsa, wani tsoho a can, yana aiko da karatun ta waya, yaro yana bi. A gida ba ya iya bi, domin uban yana zaune kusa yana riƙe numfashi. Sai ya koma saurara a mota, a hanyar zuwa wajen masu gashin ƙafa, sau uku a sati.

Maulud ya yi karatun allo har izu ashirin kafin noma ya janye shi, kuma kunnensa bai manta aikinsa ba. Kafin wata guda ya haddace karatun Ashiru kaf, da hawansa da saukarsa, ba tare da ya san ma'anar kalma ɗaya ba. Daga nan ya ɗauki yaron almajirinsa, ba wanda ya naɗa shi. Ya yanka karatun gunduwa-gunduwa, ba a wuce ɗaya sai ta zauna. Yana buga sitiyari da yatsa, yaro yana rangaji a kujerar baya. Idan kalma ta maƙale, Maulud ba ya juyowa, ba ya kallon madubi, sai ya ci gaba da zagin wanda ya yanko masa hanya har kalmar ta fito da kanta. Idan kuma an kusa isa gida gunduwar ranar ba ta zauna ba, sai ya wuce mafitar titi kamar bai gan ta ba. Wanda ya san titin Sarki Fahad ya san abin da wuce mafita ɗaya yake nufi.

Injiniya ya fara tambayar yadda tafiyar minti ashirin ta koma awa ɗaya. Maulud ya ce aikin jirgin ƙasa ne ya toshe hanya. Injiniya ya ce ai an daɗe da gama aikin jirgin, shi da kansa yana shiga. Maulud ya ce to gyara suke yi. Madam kuwa ta gano warin mutabbaƙ, soyayyen abincin nan na bakin titi, a rigar yaron, abin da ta hana shi ci, amma ta ga yana dawowa da dariya, sai ta yi kamar tana mura.

Saura sati biyu, Ashiru ya shiga mota bai kunna wayar ba. Sai da suka yi nisa ya faɗa, kalma-kalma, cewa babansa ya yanke shawara. Ba za a tara kowa ba. Za a ɗauki karatun a waya, a yi ta maimaitawa har a samu mai kyau, a yanke inda ya maƙale, ranar kuma a kunna wa kakanni ta allon talabijin. Dalilin da uban ya bayar shi ne, taron ibadarsu ba ya cika sai da mutum goma, a Riyad kuwa su biyar ya sani, biyu ma sun tafi hutu. Tunda babu goma, me za a tsayar da yaro a wahalar da shi?

Maulud ya tambaye shi ko shi yana son ya tsaya. Yaron ya ce yana so, amma babansa yana jin tsoro.

Wannan magana ta taɓa Maulud a wurin da bai warke ba. Shekara uku da suka wuce babban ɗansa Zainulabideen ya yi sauka a Haɗeja, shi kuwa iƙamarsa, takardar izinin zama, tana wajen sabuntawa, ba halin fita. A waya ya kalla, a tsaye a bayan wani gidan mai, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ya gaya mini bai taɓa jin haushin wani abu kamar allon wayar nan ba. Ga uba da ɗa a ɗaki ɗaya, babu kafil a tsakaninsu, su kuma da hannunsu za su mayar da abin waya.

Maganar goma kuwa ba ta ba shi mamaki ba ko kaɗan. Mu ma ai Juma'a ba ta tsayuwa sai da sha biyu. Sau nawa aka tare shi a hanya a ƙauye aka ce ya zo ya cika sahu? Idan mutum goma ne matsalar, a Al-Shifa mutum goma ba abin nema ba ne.

Ranar Alhamis aka sa, da safe, domin tana cikin ranakun da suke buɗe littafin. Ranar aiki ce, don haka Maulud ya bi waɗanda lokacinsu yake hannunsu: direbobin haya huɗu, tela ɗaya, masu gadin dare biyu da suka tashi aiki, da Malam Idrisu, dattijon da yake ja mana salla a majalisa. Na tara shi ne Moussa, mutumin Maraɗi mai sayar da kilishi a ɓoye, wanda ba a gayyace shi ba amma ya ce ba zai bar Bahaɗeje ya je ya kunyata Hausawa a gidan Turawa shi kaɗai ba. Ni ne na goma. Abin da aka gaya mini kawai shi ne in sa farar jallabiya, akwai walima.

A cikinmu Maulud bai yaudari kowa ba sai ni. Ya gaya musu gaskiya, saukar ɗan Bayahude ce. A majalisa kowa ya kalli Malam Idrisu. Malam ya ce ba salla za su bi ba, ba kuma addu'ar kowa za su amsa ba. Yaro ne ya tashi daga ciwo zai yi karatu, maƙwabci kuma ya nemi a zo a zauna. Zama bai taɓa karya alwala ba. Moussa ya tambaya ko akwai abinci.

Sai a hanya, a cikin mota, na ji ana maganar cika goma. Na ce wa Maulud, Baba, goman nan fa dole su zama Yahudawa, ba a cika ta da kowa. Ya ce in bari mu isa tukuna. Har yau ban tabbata ko a lokacin ya fara jin wannan ba.

A ƙofar rukunin gidajen, mai gadi ya duba takardarsa bai ga sunan kowa ba. Maulud ya leƙo ya ce masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne na gida mai lamba sha bakwai. Mai gadi ya dubi mota biyu cike da maza cikin fararen kaya da huluna, ƙamshin turare yana fitowa ta taga, babu ko sukudireba, sai tiren dabino a cinyar tela. Ya tambaya su duka? Maulud ya ce na'urar ce babba. Mai gadin ya san shi shekara biyu, ya ɗaga sandar yana girgiza kai.

Injiniya ne ya buɗe ƙofa, da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kansa da farin mayafi mai tuntaye a kafaɗa. Ya dube mu, ya dubi titi hagu da dama, fuskarsa ta yi fari. A falo akwai abokansa biyu da matar ɗayansu, an jingina waya a kan tebur, allon talabijin cike da fuskokin tsofaffi waɗanda a wajensu dare ne. Maulud ya tura ni gaba ya ce in fassara.

"Gaya masa an ce babu goma. Ga goma. Idan akwai wani dalilin kuma, ya faɗa mu ji."

Na fassara, na ɗan rage kaifin. Injiniya ya yi bayani a hankali, da ladabi, cewa ya gode ƙwarai, amma goman tasu ce, ba a aro. Tsohon malamin ya matso kusa da allo har hancinsa ya cika shi, ya tambayi su wane ne waɗannan. Da aka gaya masa, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce gaskiya ne, ba za a lissafa su ba, addu'o'in da suke buƙatar goma za a tsallake su. Amma shi a iya saninsa babu inda aka hana yaro karatu a gaban baƙi.

Injiniya ya juya wajen Maulud, ya bar ni a gefe, ya yi magana da gurgun Larabcin da suke yi tsakaninsu. Ya ce yaron zai maƙale. Ya ce za a zuba masa ido, shi kuma ba zai iya gani ba.

Maulud ya ce, "Zai maƙale mana. Kullum yana maƙalewa. Sai ya wuce. Kai ne ba ka taɓa jira ka ga wucewar ba, Injiniya."

Ba wanda ya yanke hukunci. Ashiru ne ya taso daga kujerarsa yana jan ƙafa, ya zo tebur, ya kife wayar da aka shirya za a kunna, ya buɗe littafin. Uban ya miƙa hannu zai riƙe masa gwiwar hannu, Madam ta kama rigarsa ta zaunar da shi. Mu kuma muka tuɓe takalma, muka ƙi kujerun da aka nuna mana, muka zauna a kan kafet muka yi da'ira kamar yadda muka saba.

Ya fara da murya siririya. Layi na farko ya fita lafiya. A na biyu kalma ta tsaya masa. Na ga leɓensa yana rawa, na ga uban ya runtse ido.

Sai Malam Idrisu ya ce, "Na'am."

Ba da wata dabara ya faɗa ba. Shekara arba'in yana zama a karatun zaure, kuma a zaure idan mai karatu ya tsaya, na'am ake cewa. Bai san Ibrananci ba, don haka bai san bambancin inda aka tsaya da inda aka maƙale ba. A wajensa yaro ya kai aya. Sauran suka ɗauka, ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye. Ashiru ya ɗago ya dube mu. Babu mai kallonsa da tausayi, babu mai riƙe numfashi. Tela yana gyaɗa kai kamar an faɗi wata babbar magana, ɗaya daga cikin masu gadin kuma barci ya fara ɗibarsa. Kalmar ta fito.

Haka aka yi ta tafiya. Ya karanta, ya tsaya, a ce na'am, ya ci gaba. Tun ina ƙirga tsayawar har na bari. Can wajen tsakiya ya fara rangaji, muryar ta buɗe, na ga ma yana ɗan jinkirtawa da gangan a ƙarshen layi don ya karɓi na'am ɗinsa. Maulud yana can baya kusa da ƙofa, leɓensa yana bin karatun ba sauti, yatsansa yana buga gwiwa. Moussa ya raɗa mini cewa yaron ya fi limamin unguwarsu murya, kada dai in gaya wa kowa.

Ban san lokacin da Injiniya ya buɗe ido ba. Na dai ga ya zame daga kujera ya dawo bakin kafet, hannunsa a kan baki. Da yaron ya kai ƙarshe ya rufe littafin, tsofaffin cikin allo suka ɓarke da hayaniya, wata tsohuwa tana kuka tana sumbatar gilashi. Madam da ɗaya matar suka fara jifan yaron da alewa, wai haka al'adar take. Maulud, da ba a gaya masa wannan ba, ya yi tsalle ya tare shi da jikinsa, ya sha alewa biyu a ƙeya kafin a fahimtar da shi. Moussa ya ce ai dama ƙeyar Bahaɗeje don haka aka yi ta.

Saura abu ɗaya. A nan uba yakan tashi ya yi wa ɗansa 'yar magana a gaban jama'a. Injiniya ya rubuto tasa a takarda, shafi biyu. Ya miƙe, ya warware ta, ya kira sunan yaron. Daga nan murya ta ƙi. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Ashiru yana tsaye yana kallonsa, bai ƙarasa masa ba, bai taimake shi ba, ya bar shi da kalmarsa.

Malam Idrisu ya ga mutum ya tsaya, ya ce, "Na'am."

Injiniya ya fashe da dariya da kuka a haɗe. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai karanta ko layi ɗaya ba. Ya tambaye ni yadda ake cewa wannan ɗansa ne da Hausa, na gaya masa. Sai ya saki hannun yaron da ya kama, ya bar shi ya yi gaba da ƙafarsa, shi yana biye a baya. Suka bi da'irar mutum ɗaya-ɗaya, Ashiru yana miƙa hannu ana gaisawa, uban yana nuna shi yana gaya wa kowa, har da mai gadin da aka tasa daga barci, har da Maulud da ya fi kowa sani:

"Ɗana ne."